Ɗaukar Hoton Motar Hannu Domin Talla a Intanet

1.0 Gabatarwa

A da, idan mutum yana son sayen motar hannu, sai ya tashi takanas ya je inda ake sayarwa, tare da dillali da wani makanike da ya amince da shi. Yakan zagaya motar, ya buɗe ƙofofi, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa a tayar da inji ya saurara, sannan ya taya. A yau kuwa, ciniki yakan fara ne a kan wayar salula. Mai mota yana Yamai, mai saye yana Damagaram, tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 900, ba abin da ya haɗa su sai hotunan da aka saka a Facebook ko aka tura ta WhatsApp. Da waɗannan hotuna ne mai saye zai yanke shawara: ko ya hau bas ya zo ya gani, ko ya aika da kafin alƙalami, ko kuwa ya wuce ya dubi wata motar.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake ɗaukar irin waɗannan hotuna su fito kamar aikin gwani, ko da ba a da komai sai wayar salula. Za a dubi shirin da ake yi, da haske, da wurin tsayuwa, da tsarin hotuna, da kuma iyakar gyaran da ya halatta a yi musu. Ginshiƙin bayanin ɗaya ne: hoton talla yana tsayawa ne a madadin idon mai saye, don haka kyansa shi ne ya nuna masa duk abin da zai gani da a ce yana tsaye a gaban motar.

2.0 Motar Hannu da Kasuwarta

Motar hannu ita ce wadda wani ya riga ya mora kafin a sake sayar da ita. Yawancin motocin da ke yawo a titunan Nijar da maƙwabtanta irin waɗannan ne. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗannan motoci Afirka suka zo. Motar da aka shigo da ita daga waje akan kira ta ƴar Kwatano, domin tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a Jamhuriyar Benin, ta daɗe tana zama mashigar irin waɗannan kaya. Akan kuma kira ta tokumbo, kalmar da aka aro daga Yarbanci, mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku.

Sababbin motoci ƙira ɗaya duk ɗaya suke, saboda haka hoto guda da kamfani ya ɗauka ya ishe su talla. Motocin hannu kuwa, ba a samun biyu da suka yi daidai. Ana iya samun Toyota Corolla biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya wani dattijo ne ya riƙe ta yana zuwa ofis, ɗayar kuma ta sha aikin tasi. Wannan ne ya sa hoton motar hannu yake da aiki biyu. Na farko, ya ja hankalin mai duba talla ya tsaya. Na biyu, ya zama shaida a kan halin da wannan motar take ciki, domin ba mai son cinikin biri a sama.

3.0 Shiri Kafin Ɗauka

3.1 Tsabta

A wanke mota ciki da waje, a goge ta da tsumma mai taushi har ta bushe, domin ruwan da ya bushe da kansa yakan bar ɗigo-ɗigo a kan fenti da gilashi. A kwashe duk kayan mai mota: carbi da ke rataye a madubi, da robar ruwa, da takardu, da takalman yara. Mai saye yana son ya hango kansa a cikin motar, kayan wani kuwa sukan hana shi. A lokacin hunturu, ƙura ba ta jira, don haka a yi wanki daf da lokacin ɗauka. Abu na ƙarshe da akan manta shi ne idon kyamarar kansa. Waya tana yini a hannu da aljihu, maiƙon yatsa yana taruwa a kan gilashinta, shi ne ke sa hoto ya fito dishi-dishi. Goge shi da gefen riga ya wadatar.

3.2 Wuri

A nemi fili mai faɗi wanda ƙasarsa take a baje, bayansa kuma babu hayaniya: doguwar katanga mai launi ɗaya, ko filin ƙwallo, ko titin da ba a cika bi ba. Idan akwai bola ko turakun lantarki ko wasu motoci a baya, idon mai kallo zai rabu. Akwai kuma wani dalili. Jikin mota da aka wanke tamkar madubi ne, duk abin da ke kewaye da ita zai bayyana a kan ƙofofinta, musamman idan baƙa ce ko shuɗiya. Inuwar itace kamar dogon yaro tana da daɗin zama, amma ba ta dace da wannan aiki ba, domin hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye yakan sa fenti ya fito dabbare-dabbare, har a zaci tabo ne.

4.0 Haske

A ƙasashen Sahel, da tsakar rana, rana takan tsaya kusan a tsakar ka. Haskenta yana dukan rufin mota da murfin inji har su yi fari fat a hoto, alhali gefen motar da ƙafafunta suna cikin duhu. Idon mutum yana iya ganin wuri mai tsananin haske da mai duhu a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta kai shi ba, sai ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Saboda haka, daga walaha zuwa bayan azahar ba lokacin ɗaukar hoton mota ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuma da la'asar sakaliya. A waɗannan lokuta rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana zuwa ta gefe, yana fito da ƙirar jikin mota. Sai dai a kula, idan rana ta kusa faɗuwa haskenta yakan yi ja, farar mota ta koma ruwan madara, mai ruwan toka ta koma ruwan ƙasa. Mai saye da ya zo ya tarar da wani launi dabam zai fara zargi tun kafin a buɗe ƙofa. Ranar da gajimare ya rufe sama a lokacin damina ita ma rana ce mai kyau, domin haske yakan bazu ko'ina daidai wa daida, babu inuwa mai kaifi.

Mai ɗauka ya tsaya rana tana bayansa, ta ɗan karkata gefe, ya kuma lura kada inuwarsa ta faɗa kan motar. Idan an gama da ɓangaren da ke fuskantar rana, sai a juya motar, ɗaya ɓangaren shi ma ya samu haske. Masu koyo sukan bar mota a tsaye su zagaya ta, sai rabin hotunansu su fito da haske, rabi da duhu. A kashe filasha, domin ba abin da take yi wa fenti da gilashi sai ta bar farin tabo mai ƙyalli.

5.0 Nisa da Tsayuwa

Babban kuskuren da ake yi shi ne matsawa kusa da mota domin ta cika hoto. Abin da ke kusa da kyamara yakan yi girma, na nesa ya ƙanƙance, kuma bambancin yana ƙaruwa ne gwargwadon kusanci. Ga misali da mota mai tsawon kimanin mita 4 da rabi. Idan mai ɗauka ya tsaya mita 2 daga fitilar gaba, bayan motar yana nesa da shi da kusan mita 6, don haka gaban zai fito ya ninka bayan sau 3 a girma. Motar za ta fito da ƙaton kai da ɗan siririn baya. Idan ya ja baya zuwa mita 8, gaba yana mita 8, baya yana mita 12, bambancin ya ragu zuwa ɗaya da rabi, motar ta fito yadda ido ya saba ganinta.

Saboda haka, a ja baya kamar taku goma, sannan a jawo hoton da alamar 2x da ke jikin kyamarar waya. Idan wayar tana da ido na biyu na jawo nesa, da shi za a yi aiki. Idan ba ta da shi, kada a wuce 2x, domin jawowa da yatsu yanke hoto kawai take yi tana buɗa shi, ingancinsa yana raguwa.

Haka kuma, kada a ɗauki hoto a miƙe daga daidai fuska, domin yin haka yakan nuna rufi da yawa, motar ta zama kamar an danne ta. A rusuna ko a durƙusa, waya ta kasance daidai ƙugu ko daidai fitilun mota. A riƙe ta a kwance, da hannu biyu, kada ta karkata. Wayoyi da yawa suna da layuka kamar raga da ake iya kunnawa a kan allo, suna taimakawa wajen daidaita ƙasa da sama. A bar ɗan fili a kowane gefe, kada bamba ko taya su yanke.

6.0 Tsarin Hotuna

Hotunan talla su bi hanyar da mai saye zai bi da ƙafarsa. Hoton farko shi ne mafi muhimmanci, domin shi kaɗai ke fitowa a cikin jerin tallace-tallace. Akan ɗauke shi ne daga kusurwar gaba, inda za a ga fuskar mota da gefenta a lokaci guda. Akan ɗan murɗa sitiyari yadda fuskar wilin gaba za ta kalli kyamara. Daga nan sai a bi da waɗannan:

(a) Waje: gaba sosai, da gefen dama, da kusurwar baya, da baya sosai, da gefen hagu.

(b) Ciki: kujerun gaba, da kujerun baya, da sitiyari da allon gaban direba gaba ɗaya, wanda akan ɗauka daga tsakiyar kujerar baya. Sai giya, domin a san ko mai canza kanta ce ko ta hannu ce, da rediyo, da maɓallan na'urar sanyi, da rufin ciki.

(c) Inji, an ɗaga murfinsa.

(d) But a buɗe, ana ganin safaya da jak.

(e) Tayoyi huɗu, kowace da hotonta.

Domin hotunan ciki, a kai mota inuwar gini, a buɗe ƙofofi, a miƙar da sitiyari, a daidaita kujerun gaba su yi layi ɗaya. A taɓa allon waya a daidai kujera, domin kyamara ta auna haskenta da cikin motar, kada hasken taga ya rinjaye ta. A nan ne kaɗai idon kyamara mai faɗi yake da amfani, saboda wurin a matse yake. Shi kuwa inji, a share masa ƙura kawai. Injin da aka wanke aka shafe da mai yana ƙyalli yakan sa makanike ya yi tunanin ana ɓoye yoyo ne.

7.0 Hotunan Shaida

Akwai hotunan da ba su da kyan gani, amma su ne mai saye na gaskiya yake nema.

Na farko shi ne agogon tafiya, wanda ke nuna nisan da mota ta yi tun da aka ƙera ta. A ɗauke shi inji yana aiki. Dalili kuwa, idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi duka sukan kama, idan inji ya tashi sai su mutu, in ban da wadda ke nuna matsala. Hoton da aka ɗauka inji yana aiki yana nuna lambar tafiya, yana kuma nuna ko akwai fitilar da ta ƙi mutuwa. A kula da ma'auni: motocin Turai, in ban da na Birtaniya, suna ƙirga kilomita, na Amurka kuwa mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka motar da ta nuna mil 100,000 ta yi tafiyar kimanin kilomita 161,000. Ya kamata a ga alamar ma'aunin a cikin hoton.

Na biyu shi ne lambar shasi. Tun daga shekarar 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Akan same ta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, alama ta 10 ita ce ke nuna shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Da wannan lamba ne mai saye zai gwada abin da ke jikin mota da abin da ke cikin takardun duwan, wato kwastan.

Na uku shi ne tayoyi. A ɗauki zanen taya daga kusa, a ga zurfinsa. A gefen taya akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa, tsohuwar taya kuwa ba ta jure zafin kwalta a watan Afrilu.

Na huɗu shi ne ƙarƙashin mota. A ƙasashen da ake ƙanƙara, akan zuba gishiri a titi lokacin sanyi, gishirin kuma yana sa ƙarfe tsatsa. Mota tana iya ƙyalli a sama, ƙasanta ya ciwu. A sauke waya ƙasa a ɗauki abin da ya samu.

8.0 Aibu da Gyaran Hoto

Babu motar hannu da ba ta da aibu, ko kwarzane a ƙofa, ko lotsawa a bamba, ko yagewa a kujera. Kowane aibu a yi masa hoto biyu: ɗaya daga nesa kaɗan, domin a san inda yake a jikin motar, ɗaya daga kusa, a ajiye makulli ko yatsa a gefensa domin a gane girmansa. Wasu masu sayarwa suna ganin yin haka zai karya farashi. Amma wanda ya ga aibu a hoto kuma ya taso, ya riga ya sa shi a lissafinsa. Wanda ya yi tafiyar yini guda ya tarar da abin da aka ɓoye masa, ko dai ya fasa, ko ya taya da wulaƙanci, domin yanzu yana zargin har abin da ba shi da laifi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Game da gyaran hoto, ya halatta a yanke gefe, a miƙar da hoton da ya karkace, a ƙara haske kaɗan idan ya yi duhu. Wayoyin zamani suna iya goge abu daga hoto da taɓawa ɗaya. Goge kwarzane ko tsatsa, ko canza launi, ko taɓa lambar agogon tafiya, duk algus ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibun da aka ɓoye masa lokacin ciniki. Canjin da aka samu daga kasuwar fili zuwa ta intanet bai taɓa wannan hukunci ba.

9.0 Turawa da Kiyaye Kai

WhatsApp yakan rage nauyin hoto kafin ya tura, abin da ke sa ƙananan rubutu kamar lambar taya su dushe. Tun shekarar 2023 akwai alamar HD da ake dannawa domin hoto ya tafi da inganci. Ana kuma iya tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda aka ɗauke shi. Sai dai hoton da aka tura ta wannan hanya yakan tafi da bayanan da waya ta liƙa masa, har da wurin da aka ɗauke shi, idan an kunna hakan a kyamara. Wannan wani dalili ne na kauce wa ɗaukar hoto a ƙofar gida.

A rufe lambar mota a hotunan da kowa zai gani, kada kuma a saka takardun da ke ɗauke da suna da adireshi. Ƴan damfara sukan kwashi hotunan motar wani su sake tallata ta da araha, su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Mai sayarwa yana iya rubuta sunan shagonsa a kan hoto. Mai saye kuma yana iya neman a ɗaukar masa sabon hoto, an ajiye takarda mai kwanan watan ranar a kan gilashi, ko a kira shi ta bidiyo a zagaya da shi motar.

10.0 Kammalawa

An ga cewa hoton gwani ba ya bukatar kyamara mai tsada. Yana bukatar mota mai tsabta, da fili, da hasken safiya ko na la'asar, da ja da baya, da bin tsari. An kuma ga cewa hotunan agogon tafiya da lambar shasi da tayoyi da aibu suna da nauyi daidai da hoton farko mai jan hankali. Ma'aunin da mai ɗauka zai gwada aikinsa da shi shi ne ranar da mai saye ya iso: idan ya zagaya motar bai ga wani abu da hotuna ba su riga sun gaya masa ba, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Takanas: musamman domin abu ɗaya.
Taya: faɗin kuɗin da mai saye zai iya biya. Akwai kuma taya ta ƙafar mota.
Kafin alƙalami: kuɗin da ake bayarwa tun kafin a kammala ciniki ko aiki.
Walaha: lokacin da ke tsakanin hantsi da tsakar rana.
La'asar sakaliya: bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi.
Safaya: tayar da ake ajiyewa domin ko-ta-kwana.
Algus: ha'inci a cikin kayan sayarwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu ne hoton motar hannu yake yi?
2. Me ya sa mota take fitowa da ƙaton kai idan aka ɗauke ta daga kusa?
3. Taya mai lamba 0821, yaushe aka yi ta?
4. Fito da karin magana biyu daga cikin takardar, ka bayyana yadda aka yi amfani da su.
5. Tsamo kalmomin aro guda goma da suka shafi mota, ka faɗi harshen da aka aro kowace.